Ba Mu Karya Ba

Asabar, 6 ga Oktoba 2018, bayan la'asar

Na karanta shi sau tara, kuma bai canza ba.

Malam Ibrahimu ne ya turo mini. Shi ke riƙe da guruf ɗin 'yan Najeriya da Nijar masu zuwa Khartoum karatu ko neman magani, mutum ɗari biyu da hamsin, kuma shekara huɗu ke nan ta hannunsa baƙi ke zuwa ɗakuna biyun nan nawa. Ya ce gara in gani da idona kafin in ji a bakin wani. Ga abin da Zubairu ya rubuta, ɗan Hajiya Hansatu ta Gusau, waɗanda suka tashi daga gidan nan shekaranjiya:

"Jama'a a yi hattara da gidan matar nan ta Kalakla. Mahaifiyata mai ciwon sukari ta gaya mata da bakinta tana jin yunwa, ta yi dariya ta ce ba komai, ta fice abinta. Abin da ya biyo baya Allah ne ya kiyaye. Ɗaki dai akwai tsabta, amma ba imani."

Akwai tsabta! To na gode, Allah ya saka.

Ƙarya yake yi. Wallahi ba wanda ya ce mini yana jin yunwa. Ni Ni'mat, da maƙwabta ke yi wa tsiya wai ina ɗura wa baƙi abinci har su kasa sunkuyawa su ɗaure takalmi, yau ni ce marar imani a gaban mutum ɗari biyu da hamsin.

Ina rubuta wannan da Hausarmu ta gado ne, da boko, saboda a gidan nan ba mai iya karanta shi sai ni. Ɗalibai matan da suka zauna da ni suka koya mini. In na rubuta da Larabci, gobe unguwar Kalakla duka ta haddace.

Lahadi, 7 ga wata, da safe

Na sake zannuwan gado a ɗakuna biyun. Ba wanda ya kwanta a kansu, amma na sake.

Litinin, 8 ga wata, azahar

Mutumin Maraɗi da zai kawo matarsa asibiti ran Laraba ya kira, wai an ɗage tafiya. Wata mata da za ta zo ganin 'yarta a jami'a ita ko kiran ba ta yi ba, saƙo ta turo: "Mun samu wani wuri kusa." Kusa da me? Ni dai na san kusa da me.

Na fara rubuta amsa. Zan lissafa musu komai. Na tare su a bakin titi da rana tsaka saboda mai raksha, keke mai ƙafa ukun nan, ya ɓata. Na ba Hajiya ɗakin da fankarsa ba ta kuka. Na fito musu da angarib ɗin Baba, gadon igiyar nan da ba na barin kowa ya hau, don ta sha iska a tsakar gida. Kuma shi Zubairun, mutum kamar buhun dawa biyu a haɗe, ya faɗa masa gaba ɗaya ran Litinin da yamma, ƙafa ɗaya ta ce ƙas. Na buɗe baki? Ban ce uffan ba. Shi kuma ya tashi ya karkaɗe riga kamar gadon ne ya yi masa laifi. Wannan bai shiga guruf ba.

Laraba, 10 ga wata, bayan magariba

Yaya Jibirin ya zo daga kasuwar Omdurman. Tun daga yadda ya yi sallama na san labari ya kai masa.

"To, mai otal. An ce kin yi suna har Najeriya."

Na ce, "Yaya, in shayi ka zo sha, ga kujera."

Ya sha, kofi biyu ma. Sannan ya fito da abin da ya kawo shi. Wani abokinsa mai sayar da takalma yana neman wurin ajiye kaya, shekara uku cur, ba hawa ba sauka. Kwali ba ya jin yunwa, in ji shi, kwali ba ya rubutu a waya. Gidan na gado ne, rabonsa ya fi nawa, bai faɗa ba amma ya bar ni in tuna da kaina.

"Halas, shi ke nan, Ni'mat, kin gwada. Ɗaya ga wata in ba baƙo a ɗakunan nan, ki ba ni makulli."

Na ce za su zo. Ya ce Allah ya sa, da irin muryar da ake yi wa mai jinya.

Tun da Abban yara ya rasu, ɗakunan nan ne kaɗai abin da ake kira da sunana. Ana cewa gidan Ni'mat. Ba gidan marigayi ba, ba gidan ƙanwar Jibirin ba. In takalma suka shiga, na koma mai gadin kwalaye. Saura kwana ashirin da biyu.

Juma'a, 12 ga wata, hantsi

Ba wuta tun asuba. Amsata ta kai layi arba'in da uku. Malam Ibrahimu ya ce don Allah in dakata, wai in na saka ta yanzu za a ce ina faɗa da mai jinya. Shi bai san yadda ake ji ba, a zage ka kuma a ce ka yi murmushi.

Lahadi, 14 ga wata, bayan la'asar

Bari in rubuta safiyar Talatar nan daki-daki, ko na huta da juya ta a kaina.

Ƙarfe shida na kai musu shayi da madara, kamar yadda ake yi a kowane gida a ƙasar nan. Zubairu ya riga ya fita asibiti karɓar lamba, saboda aikin idon da suka zo yi wa Hajiya. Ful, dafaffen waken nan namu, yana kan wuta tun asuba. Na sayi ƙwai, na sayi cuku, na sayi tumatir, duk don fatur ɗinsu, abincin hantsi. Burodi ne kawai babu, kuma a wannan zamani wanda ke son burodi sai ya je furun, gidan gasa shi, ya bi layi kamar mai neman biza. Fatur kuwa kowa ya san lokacinsa, goma da rabi ko sha ɗaya. Haka muka tashi, haka ofisoshi ke yi, haka ɗaliban da suka zauna da ni suka saba cikin mako guda.

Ƙarfe bakwai ina yafa mayafi sai ga Hajiya a ƙofar ɗakinta, tana laluben bango. Angarib ɗin yana jingine a gefenta da ƙafarsa a karye. Ta ce, a hankali kamar mai jin nauyi, "'Yata, ba mu karya ba fa."

Tausayi ya kama ni. Tsohuwa ta kwana da zancen gado a ranta, tana so ta wanke ɗanta. Na yi dariya don hankalinta ya kwanta, na ce, "Ba komai Hajiya, ma'alesh, ba laifinku ba ne. Komai na gidan nan ya ƙare, sai haƙuri." Ta ce to, ta koma ciki. Ina yunwa a nan? A nuna mini inda aka ambaci yunwa.

Na yi awa uku da rabi a layi, wata mata tana taka mini ƙafa, ana ta raɗa kan wanda ya cinye garin alkamar ƙasar nan, kowa yana waiwaye kafin ya yi magana. Na dawo da burodi ashirin a leda. Na tarar da ƙofa a buɗe, takalman maƙwabta a bakin zaure.

Sauran ba yau ba.

Talata, 16 ga wata, azahar

Malam Ibrahimu ya ce kada in karaya, in ɗauki sababbin hotuna, mutane suna da mantuwa. To na ji. Na shafe bangon bayi da farar ƙasa, na sayi sabuwar buta, na kai angarib wurin kafinta, na jera matasai na ɗauki hoto ta kusurwa shida har ƙuguna ya riƙe.

Ɗazu wani ya tambaya a guruf, "Ina ake samun masauki mai kyau wajen Kalakla?" Malam Ibrahimu ya saka hotunana. Minti biyu ba a yi ba wata Maman Hafsat, wadda ban taɓa gani ba, ba ta taɓa shan ko ruwan gidana ba, ta ɗauko rubutun Zubairu ta manna a ƙasa. Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba. Ita nata aikin alherin na yau ke nan.

Shi kuma Zubairu ya ce wai ya faɗa mini tana da sukari tun ranar da suka sauka. Wataƙila ya faɗa. Ana sauke akwatuna, mai raksha yana ihu a kan canji, wa zai riƙe komai?

Alhamis, 18 ga wata, da safe

Na sake zannuwa. Saura kwana sha huɗu. Waya shiru, har na duba ko ta lalace ne.

Juma'a, 19 ga wata, bayan magariba

Na je Omdurman gaida Haboba Sittana, ƙanwar kakarmu. Ta haura tamanin, a gonakin audugar Jazira ta girma, kuma ita kaɗai ta rage a danginmu da ba ta surka Hausarta da Larabci sai in za ta yi zagi. Na je ne don in samu mai cewa an zalunce ni.

Na kwashe komai na faɗa mata, tana soya 'ya'yan gahawa tana gyaɗa kai. Da na zo wurin ƙofar ɗaki sai ta ɗaga cokali.

"Tsaya. Me ta ce?"

"Ta ce ba su karya ba. Gadon take nufi."

"Ƙarfe nawa?"

"Bakwai."

Haboba ta sauke kaskon daga wuta. Ta dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Ke 'yar nan, wa ya yi miki Hausa? Karya kumallo! Ba su karya ba, ba su sa komai a ciki ba tun jiya. Abin da ku 'yan birni kuke ce wa fatur. Can gida da sassafe ake yi, koko da ƙosai, kafin rana ta ɗaga. Uwata har ta koma ga Allah ba ta taɓa cewa fatur ba."

Na ce ai gadon yana nan a gefenta, a karye.

"Gadon ubanki! Tsohuwa mai sukari ta taso da laluben bango ta yi miki zancen katako?"

Ta ci gaba da faɗa, wai mun sayar da harshenmu mun sayi ma'alesh. Ban ji sauran ba. Kofin da ta zuba mini yana nan inda ta ajiye shi har na fito. A motar komawa gida, kwandasta ya miƙo hannu sau uku kafin na gane da ni yake.

Asabar, 20 ga wata

Ban sake zannuwa ba.

Lahadi, 21 ga wata, azahar

Babu komai.

Talata, 23 ga wata, bayan la'asar

To amma wace irin magana ce wannan? Mutum yana jin yunwa, sai ya ce ina jin yunwa. Mene ne na karya? Me aka karya? Shekara huɗu 'yan Kano da 'yan Damagaram suna kwana a gidan nan, ba wanda ya taɓa furta mini kalmar, duk fatur suke cewa don su nuna sun iya Larabci. Baba ma da yake ta alfahari da asalinmu, bai ga dama ya koya mana ba. Shi kuma Zubairu, wa ke fita ya bar uwa mai sukari ba ko biskit a jaka? Kowa yana da kaso a ciki. Kowa.

Na rubuta wannan na karanta, ko ni bai gamsar ba.

Bari in ƙarasa na ran Talata. Na tarar da Hajiya kwance a tsakar gida, taku biyu daga ƙofar madafa. Maƙwabciyata ta tallabe kanta tana ɗura mata ruwan sukari da cokali, yana dalalowa ta gefen baki. Ashe Hajiya ta yi allurar sukarinta tun asuba tana jiran abinci. Shayin da na kai yana nan ba a taɓa ba, saboda na zuba masa sukari cokali uku kamar na kowa. Tukunyar ful tana ta tafasa a bayan ƙofar da ko kulle ta ban yi ba.

Ta farfaɗo a asibiti. Likita ya ce ba zancen taɓa ido sai jikinta ya daidaita. Kwana biyu bayan nan suka tafi, Zubairu bai dube ni ba, ita kuwa ta riƙe hannuna ta ce Allah ya buɗa. A lokacin har haushin addu'ar na ji.

Alhamis, 25 ga wata, hantsi

Na tura wa Zubairu saƙo, na ce ina so in gaida Hajiya. Ya karanta. Bayan minti biyar hotonsa ya ɓace daga wayata.

Mai takalma ya turo mutum da igiyar awo. Ya auna tsawo, ya auna faɗi, ya ce tagogin nan toshe su za a yi saboda ɓarayi. Na tsaya ina kallonsa yana taka mini tabarma da takalmi. Da can da na wanke shi tas. Yau matsawa na yi na ba shi hanya.

Asabar, 27 ga wata, azahar

Amsata tana nan a waya, layi hamsin da ɗaya. Na ƙara bayanin kalmar a ƙarshe. Ta yi kyau ƙwarai. Duk wanda ya karanta zai ce ba laifina, zai yi dariya ma. Ban san abin da ya hana ni turawa ba.

Litinin, 29 ga wata, bayan magariba

Matar Malam Ibrahimu 'yar Gusau ce. Ta samo mini lambar Hajiya ta hannun wata ƙawarta. Na rubuta ta a bayan littafin nan, ina ta kallonta.

Laraba, 31 ga wata, bayan la'asar

Na kira. Ta gane muryata tun kafin in faɗi suna.

"'Yata ta Sudan! Ya gida? Ya aka ji da hidima? An samu sauƙin abubuwa kuwa?"

Na tambayi ido. Ta ce yana nan, na hagun ya ƙara duhu, amma alhamdu lillahi tana gane jikoki da murya. Sai na fara. Na ce Hajiya, ran nan da kika ce ba ku karya ba, wallahi ban san abinci kike nufi ba, na zaci gadon nan ne. Na yi bayanin fatur, na yi bayanin layi, ina ta zuba kamar rediyo.

 Ta ce, "Gado? Wane gado?"

Ba ta ma san ya karye ba. Ba ta gani.

"To ni kuwa me kika ji na ce, Hajiya?"

"Cewa kika yi komai na gidan ya ƙare, in yi haƙuri. Na ce Allah sarki, yarinyar nan ba ta da shi, ga ƙasar tasu ana layin burodi, kuma ta faɗa mini da dariya don kada ta yi kuka. Na ji ƙamshin wake, na ce ƙila na maƙwabta ne. Da jiri ya fara ɗibata na yi niyyar in ƙwanƙwasa musu, sai na ce a'a, in na roƙi abinci a maƙwabta na tona miki asiri a unguwarku. Na ce bari in daure, ƙila ki samo wani abu."

Na ce, "Hajiya, wake nawa ne. Naku ne. Da ƙwai, da cuku."

"Ikon Allah," in ji ta. Sai ta yi dariya, ita ma. "To ai shi ke nan, tunda kina da shi. Wallahi kullum sai na sa ki a addu'a, na ɗauka yara suna kwana da yunwa."

Na tambaye ta ko ta gaya wa Zubairu abin da na ce. Ta ce a'a, ina ita ina faɗa wa namiji babun mace? Ta dai ce masa na ce ba komai. Rubutun da ya yi kuwa ba ta san da shi ba, ni ma ban gaya mata ba.

Na roƙe ta gafara. Ta ce ba abin yafewa. Na ce duk da haka. Ta ce to ta yafe, in gaida yara.

Na zauna a bakin madafa na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar Abban yara. Mako uku ina neman wanda zai wanke ni, ashe matar da na bari a ƙasa tana can tana rufa mini asirin talaucin da ba ni da shi.

Alhamis, 1 ga Nuwamba, hantsi

Yaya ya zo da wuri. Ba baƙo, ya gani da idonsa. Ya miƙo hannu.

Na ce ya zauna tukuna. Na ba shi labarin tun daga farko. Da na zo kan gado da kumallo ya yi dariya har hularsa ta faɗi, yana cewa shi ma wallahi katako zai ɗauka. Da na zo kan maƙwabta da abin da ya hana ta ƙwanƙwasawa, ya ɗauki hular ya riƙe a hannu, bai mayar ba.

Na ce, "Yaya, ba zan ba da makulli ba. In na rufe yanzu, abin da na yi wa matar nan shi ne na ƙarshe da aka yi wa baƙo a gidan Baba."

Ya ce rubutun yana nan, ba mai goge shi, ba kuma mai zuwa. Na ce na sani. Ya ce mai takalma ba zai jira ba. Na ce na sani. Ya yi tsaki, ya ce tun ina ƙarama kaina kamar dutsen niƙa yake. A bakin zaure ya juyo ya ce, "Zuwa ƙarshen shekara. Bayan nan kada ki kira ni azzalumi."

Da ya fita na ɗauki waya na goge layi hamsin da ɗayan nan duka. Na rubuta a ƙarƙashin maganar Zubairu:

"Ni ce Ni'mat ta Kalakla. Abin da ya faɗa ya faru. Hajiya ta gaya mini, ban fahimce ta ba, ban kuma tsaya na tambaya ba. Laifina ne. Ɗakunan suna nan ga wanda ya yarda ya zo."

Mutum talatin da ɗaya sun karanta. Har yanzu ba wanda ya ce komai.